Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Makarantun Koyar Da Aikin Jarida Na Legas

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai na sassan koyar da aikin jarida da sadarwa a jami'o'i da kwalejojin Legas. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ni 'yar Agege ce, nan aka haife ni, nan na girma, kuma da rubutu nake cin abinci: tallan rediyo, sanarwar wayar da kai, wani lokaci labarai, yawanci da Hausa. Ta wannan sana'a ne ɗalibanku suke biyowa ta hannuna idan an turo su sanin makamar aiki. Na san da yawanku ba ku jin Hausa, amma da ita na rubuta domin iyayen yaranmu ma su karanta, kuma da wuya a rasa ɗalibi a sashenku da zai fassara muku. Buƙatata guda ce, ku sauya yadda ake jarraba rubutu. Abin da aka rubuta domin kunne, a saurare shi kafin a ba shi maki. Wanda aka rubuta domin waya, a duba shi a kan waya. Sannan a ƙyale ɗalibi ya yi wani ɓangare na aikinsa da harshen mutanen da zai yi wa magana.

Ban nufi Kano ko Zariya da wannan magana ba, ku na nufa, saboda a garin nan ake rubuta kaso mai tsoka na abin da ƙasar take ji take gani. Manyan bankuna da kamfanonin waya da masu shirya talla, yawancinsu hedikwatarsu tana tsakanin Ikeja da Ikoyi da Victoria Island. Tallan da aka tsara a can, kafin mako ya zagayo ana jin sa a Gusau da Azare da Birnin Kebbi. Lokacin da Rediyon Faransa ya buɗe sashen Hausa a 2007, a Legas ya kafa shi. Muryar Najeriya, wadda ta daɗe tana watsa shirye-shirye da Hausa, tana da gida a Ikoyi. Ga mu kuma mu kanmu a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da abbatuwar Oko-Oba, inda ake ciniki da Hausa tun asuba har dare. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo ma maƙwabciyar Alaba Rago ce. Ɗalibin da kuka yaye, ko Bayarabe ne ko Ibo ko ɗan Binin, wata rana sai ya rubuta abin da Bahaushe zai ji.

Na san ba yau kuka fara ba. Jami'ar Legas tana koyar da wannan fanni tun 1966. Makarantar horar da 'yan jarida da ke Ogba da Kwalejin Fasaha ta Yaba sun yaye mutanen da muke alfahari da aikinsu. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta raba digirin sadarwa gida bakwai, aikin jarida daban, rediyo da talabijin daban, talla daban, hulɗa da jama'a daban, fim daban, da sauransu. Na yi murna da hakan, don amincewa ce cewa waɗannan sana'o'i ba ɗaya ba ne. Abin da ya rage shi ne wannan rabo ya isa zauren jarrabawa.

Ba wata makaranta nake nuna wa yatsa ba, domin abin da zan faɗa na gan shi a ɗaliban wurare dabam-dabam, na nan da na wasu jihohi. Yaro zai zo da sakamako mai kyau. Ka tambaye shi siffofin rubutun rediyo, zai jero maka su babu gargada: gajerun jimloli, kalmomi masu sauƙi, maimaita muhimmin batu. Ka miƙa masa sanarwa mai shafi biyu ka ce ya mayar da ita daƙiƙa talatin, sai ya kwafo maka sakin layin farko yadda yake, da sunan ma'aikata da muƙamin wanda ya sa hannu, lokaci ya ƙare bai kai ga abin da ake so mai sauraro ya yi ba. Idan na tambaye su yadda aka jarraba su, amsar kusan ɗaya ce. An zauna awa biyu ko uku, an ce su bayyana ma'anar kaza, su kawo bambanci biyar tsakanin kaza da kaza. Idan an ce su rubuta labarin rediyo, a takardar amsa suke rubutawa, malam ya karanta da ido ya ba da maki. Babu wanda ya ji shi da kunne, babu wanda ya riƙe agogo. Ai ba a gane tela da iya bayanin allura, yadi ake ba shi a ga ko rigar ta zauna a jikin mai ita.

Bari in kawo misali da abin da ya taɓa gidajenmu kai tsaye. Ranar 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin jiha ta fara aiki da dokar hana okada, wato acaɓa, a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island. A farkon Satumba aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Ba muhawara kan dokar ta kawo ni ba. Kowa dai ya san da yawa daga cikin masu wannan sana'a 'yan Arewa ne, wasunsu sababbin zuwa gari. Ku ɗauki wannan labari ɗaya ku ba ɗalibi, ku ce ya isar da shi ta kafofi dabam-dabam, nan take za ku ga abin da ya iya da abin da ya haddace kawai.

A jarida aikin yana da sauƙi, kuma shi ne wanda suka fi iyawa. Akwai fili, mai karatu yana iya komawa baya, sai a jera ƙananan hukumomin da sunansu na hukuma, a kawo dalilin gwamnati, a ji ta bakin ƙungiyar masu okada.

A rediyo kuwa labari ya sha bamban. Mai sauraronka yana kan mashin ko a gindin mai shayi, ga hon ɗin motocin haya na danfo ga ƙarar janareta, kuma sau ɗaya zai ji ka. Idan ka ce masa Eti-Osa, ba ka gaya masa komai ba. Shi Obalende ya sani da Lekki da Ajah. Idan ka ce Surulere, ka ƙara da Ojuelegba. Lagos Mainland a wurinsa Yaba ce da Oyingbo, Lagos Island kuma Idumota. Kosofe sunan takarda ne, Ketu da Mile 12 su ne wuraren da yake ɗaukar fasinja. Kwanan wata kaɗai ba ya isa, sai ka ce ranar Laraba, ɗaya ga watan Yuni, ka kuma sake faɗa kafin ka rufe. Ka fara da kiran wanda kake nufi, "'yan'uwa masu okada," don ya ɗaga kai kafin maganar ta wuce shi. Ka faɗi abin da zai same shi a fili, wato za a ƙwace mashin. Duk wannan cikin daƙiƙa talatin ko arba'in da biyar. Malamin da ya karanta irin wannan rubutu a takarda yana iya rage masa maki, ya ce akwai maimaici kuma ba a yi amfani da sunayen hukuma ba, alhali waɗannan su ne ƙarfinsa.

Talabijin ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sani. Hoto ya riga ya nuna babura jere a bakin titi, marubuci ya faɗi abin da hoton bai iya faɗa ba.

Saƙon tes ne nake so ku tsaya a kansa, don akwai wani abu a ciki da ban taɓa haɗuwa da ɗalibin da aka koya masa shi a aji ba. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160. Amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa guda ɗaya tak, ƙ ko ɗ ko ɓ, tsarin aikawar yana sauyawa, ma'aunin ya faɗo zuwa 70, saƙo ɗaya ya koma biyu ko uku, kuɗin aikawa ya ninka. Ga kamfanin da zai tura wa dubban mutane, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Dole marubuci ya yanke shawara, ko ya taƙaita maganar ta shiga cikin 70, ko ya zaɓo kalmomin da ba su da lanƙwasa, ko ya shawo kan mai kaya ya biya. Abin da aka fi yi shi ne a share lanƙwasar gaba ɗaya a bar mai karatu da cinta. Wannan shawara ce ta rubutu, kuma ta cancanci tambaya a jarrabawa.

Sai saƙon murya na WhatsApp, wanda a unguwanninmu ya fi jarida da talabijin isa ga mutane, musamman mata a gida da waɗanda karatun boko bai yi musu zurfi ba. Shi ma rubuta shi ake yi kafin a faɗa, idan ana son ya yi amfani. Mai magana ya fara da sunansa da inda yake aiki, ya faɗi ranar da yake magana har da shekara, saboda saƙon murya ba ya mutuwa. Bayan wata shida wani zai sake turo shi a wani zaure a ɗauka yau abin ya faru, hankalin mutane ya tashi a banza.

Iyayenmu malamai, wannan ba maganar ƙawata aiki ba ce. Ku tuna watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas ta filin jirgin sama. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Aka dinga tashin 'yan'uwa daga barci ta waya, daga Ikko har ƙauyukan Arewa. Mutane sun kwanta a asibiti, har an yi asarar rai. Ku dubi yadda aka gina saƙon: gajere ne, umarni ɗaya ne a ciki, kayan aikin suna kowane gida, ga wa'adi da ke hana mutum tsayawa ya yi tunani. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta dace da wayar da ta bi ta ciki. Idan masu gaskiya da kuka horar ba su iya rubuta saƙon da zai yi gudu irin wannan ba, to an bar wa maƙaryata fili, kuma talakanmu ne yake biyan kuɗin da lafiyarsa.

Ga yadda nake ganin za a yi. Ɗalibi ya rubuta tallansa ko labarinsa na rediyo, amma kada shi ya karanta. A ba wani ɗalibi da bai taɓa ganin takardar ba ya karanta da ƙarfi, malam yana riƙe da agogo. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe ko numfashi ya ƙare masa, laifin jimlar ne, a rubuta. Daga nan a juya ga mutum uku ko huɗu da suka saurara sau ɗaya, a tambaye su: me aka ce, a ina, yaushe, me ake so ku yi? Amsarsu ita ce rabin makin. Na fi son masu sauraron su zama ba 'yan aji ba, a ɗauko mai gadi ko mai sayar da abinci a bakin makaranta, domin su ne ainihin waɗanda ake rubuta wa. Rubutun Facebook ko X a buɗe shi a ƙaramar waya, a ga layin farko kafin a danna neman ƙari, shin ya faɗi labarin ko ya ɓoye shi? Allon talla a liƙa shi a ƙarshen baranda, malam ya wuce da sauri kamar wanda ke cikin bas ɗin BRT a titin Ikorodu, abin da ido ya kama shi ne abin da aka rubuta.

Abu biyu kuma ina roƙon a tsananta a kansu. Kuskuren suna ko adadi ko kwanan wata ya rushe aikin komai daɗin salonsa, don a wurin aiki haka abin yake. Kanun labarin da ya yi alkawarin abin da babu shi a ciki, shi ma a ɗauke shi a matsayin ƙarya, ba gwaninta ba. Shafukanmu na Hausa a intanet sun cika da irin wannan kanu, kuma da yawa daga masu rubuta su sun yi makaranta.

Kada kuma jarrabawar ta tsaya ga rana ɗaya. Rubutu gyara ne bisa gyara. A ajiye wa kowane ɗalibi jakar ayyukansa tun farkon zango, da zubin farko da gyaran malam da zubi na biyu, a ba da maki ga tazarar da ke tsakaninsu. Wannan ma shi ne maganin damuwar da na san tana damun ku game da ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, aikin gida kaɗai ya daina zama shaida. Amma idan ka zaunar da ɗalibi ka ce mai kaya ya rage kuɗi, a mayar da daƙiƙa sittin ɗin nan talatin yanzu a gabanka, ka tambaye shi dalilin cire wannan jimla da barin waccan, nan za ka san ko aikinsa ne. Ku ma ba su Hausar da na'ura ta fassara ku ce su gyara ta, don irin aikin da za su tarar a ofis ke nan.

Yanzu maganar harshe, wadda ita ta fi ci mini rai. Yadda aka saba a wuraren da na yi aiki, ana rubuta talla da Turanci, mai kaya ya amince, a sayi daƙiƙa talatin a gidajen rediyo, sannan da yamma liƙis a turo wa mai fassara a ce gobe da safe za a shiga sitidiyo. Hausar ta fi Turancin tsawo, sai mai murya ya yi ta gudu kamar ana korar sa. Barkwancin da ya ba 'yan Lekki dariya ya zo Hausa ya zama shirme, wani lokaci ma rashin kunya. Kun sha jin irin waɗannan tallace-tallace ko da ba ku jin harshen, muryar kaɗai ta isa ta gaya muku mai maganar a takure yake. Gyaran shi ne a ba marubucin Hausa bayanin da mai kaya ya bayar tun farko, wane ne mai saye, me ake so ya ji, me ake so ya yi, ya zauna ya gina nasa tallan daga tushe. Waɗanda za su zama shugabannin waɗannan kamfanoni gobe suna zaune a azuzuwanku yau. Idan sun ga an yi haka a makaranta ko sau ɗaya ne, ba za su ɗauki harsunanmu a matsayin aikin ƙarshe da ake yi a gurguje ba.

Kuma ƙofa a buɗe take. Sabuwar manhajar karatu da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Muhallin Legas kuwa Yarabanci ne da Turancin buroka da Ibo da Hausa. Jihar nan ta kafa dokar kare Yarabanci a 2018, kuma ta yi daidai. Ba Hausa kaɗai nake nema wa gurbi ba. Ina so a ce a kwas ɗin rubutu, kowane ɗalibi ya gabatar da aƙalla aiki ɗaya da harshen gida, a ba shi maki daidai da na Turanci.

Yaranmu na nan suna da wata baiwa da ba a ƙirga musu. Ɗan Agege yana tashi da Hausa a gida, Yarabanci a layi, buroka a tasha, Turanci a aji. Amma yawancinsu ba su taɓa rubuta shafi ɗaya da Hausa ba. Ba su san ƙa'idar raba kalma ba, ba su san daidaitacciyar Hausa ba, kuma Hausar bakinsu ta cuɗu da ta gari, abin da ba aibu ba ne a hira amma yana buƙatar saiti idan za a yi wa Katsina magana. Haka nan suna buƙatar sanin cewa masu jin Hausa a Legas ba iri ɗaya ba ne. Akwai Basakkwace ɗan gwari a Mile 12, akwai Bazabarme da Babarbare da Bafulatani waɗanda Hausa harshensu na biyu ne, akwai dattijon da ya fi sakewa da ajami irin wanda ke jikin naira dubu. Zaɓen kalmar da duk za su gane ilimi ne, ana koyar da shi, ana kuma iya jarraba shi.

Za ku ce ba ku da malamin da zai duba aikin Hausa. Gaskiya ne a wurare da yawa. Sai dai al'adar gayyato mai jarrabawa daga waje ba baƙuwa ba ce a jami'a. Garin nan akwai ma'aikatan sassan Hausa na rediyo da jaridun intanet, masu ci da waɗanda suka yi ritaya. Malamin Hausa a Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo yana iya sauraron aikin ɗalibi ta waya ya aiko da makinsa a rana ɗaya. Za ku ce ɗalibai sun yi yawa, sitidiyo ya yi kaɗan. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana ɗaukar murya tana kuma da agogo, kuma aikin daƙiƙa talatin ya fi shafi huɗu saurin dubawa. Inda akwai gidan rediyon makaranta, kamar na Jami'ar Legas a mita 103.1, a ware wa ayyukan da suka fi kyau 'yan mintuna a mako, ɗalibi ya ji rubutunsa a iska da sunansa.

Ga iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da za su ga wannan takarda, ranku ya daɗe, ku ma da rabonku a ciki. Idan ɗalibai suka zo da waya suna so a saurari sanarwar da suka rubuta, a ba su wuri, a gaya musu gaskiya idan ba a gane ba. Iyaye kuma, yaron da ya ce zai karanta wannan fanni, ku sa shi ya riƙa karanta jaridar Hausa yana sauraron labaran rediyo da alƙalami a hannu.

Iyayenmu malamai, ba na neman a rushe manhaja ko a jira sabon kasafi. Sashe ɗaya ya gwada wannan a kwas ɗaya a zango mai zuwa. Duk sashen da ya amince, ni da abokan aikina masu rubutun Hausa a garin nan za mu zo ranar jarrabawa mu saurari ayyukan ɗalibai ba tare da an biya mu ba, kuma za mu nema musu izinin shiga kasuwa daga shugabanninta.

Wassalam.

Taku,
Marubuciyar rediyo da talla,
Agege, Legas.